Ƙidayar Karta a Wasan Ashirin da Ɗaya: Abin da Lissafi Yake Faɗa wa Mai Shirin Farawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin dabarar nan ta ƙidayar karta, wadda masana lissafi na Amurka suka fito da ita tsakanin 1956 da 1963 domin rinjayar gidajen caca a wasan da ake kira Ashirin da Ɗaya. Ta bayyana asalin wasan da ƙa'idojinsa, da matakan da akan ɗora mafari a kansu, da gwargwadon ribar da lissafi ya yarda za a iya samu, sa'an nan ta auna al'amarin da ma'aunin shari'a. Abin da ta tsaya a kai shi ne, dabarar ilmi ce sahihiya, amma duk wanda ya fahimce ta har ƙarshenta zai iske ita da kanta ce hujjar da ta fi ƙarfi a kan barin teburin caca.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan'adam ƙidaya da hisabi, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. 

Na san cewa a cikinku akwai wanda, da ya ga kan wannan takarda, zai ce a ransa me ya haɗa majalisar ilmi da zancen karta, alhali kuwa tun muna yara aka tarbiyyantar da mu a kan cewa ɗan caca ba a ba shi aure, ba a ba shi amana, ba a kuma kafa shi shaida. Wannan ƙyama gaskiya ce, ni ma a kanta nake. Amma dalili biyu suka sa na ga wajibcin kawo batun gabanku. Na farko, cacar da a da sai an laɓe a kango ko bayan kasuwa ake yinta, yau ta shigo aljihun samarinmu ta cikin wayar hannu, kuma tare da ita labari ya shigo cewa wai akwai wani sirri na lissafi wanda in mutum ya koye shi ya gama da talauci. Na biyu, wannan labari ba ƙarya ce tsagwaronta ba, akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, ita kuwa ƙaryar da aka cuɗa da gaskiya ta fi wuyar warwarewa, ba kuwa mai iya warware ta sai wanda ya san inda gaskiyar ta tsaya da inda ƙarin gishiri ya fara. Saboda haka zan bi al'amarin daki-daki kamar yadda ake koya wa mafari shi a can inda aka haife shi, wato ƙasar Amurka, domin mu ga iyakar abin da yake iya bayarwa.

Asalin karta da asalin lissafin sa'a

Masana tarihi sun tafi a kan cewa karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370 daga Masar ta zamanin daular Mamluk, kuma har yau a fadar Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar wani kwalin karta na wannan daula, mai gida huɗu: kofuna, da dinarai, da takubba, da sandunan ƙwallon dawaki. A kowane gida akwai sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu, har ma masana da dama suna ganin daga kalmar na'ibi ne mutanen Sifen suka samo sunan da suke kiran karta da shi. Shi kuwa wasan Ashirin da Ɗaya, wanda Amurkawa suka laƙaba wa suna Blackjack, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka ambace shi shi ne wani gajeren labari na marubucin Sifen Cervantes, wanda aka buga a 1613, inda wasu 'yan damfara biyu suke cutar mutane da shi. Daga nan ya bunƙasa a Faransa, ya ƙetara teku zuwa Amurka, ya kuma samu gindin zama bayan da Nevada ta halatta caca a dokarta a 1931.

Abin lura a nan shi ne, reshen lissafin da ake kira ilmin ihtimali, wato auna yiwuwar aukuwar abu da rashin aukuwarsa, a gefen teburin caca ya yi rarrafe. Likitan Italiya Cardano ya rubuta littafi a kan wasannin sa'a a ƙarni na 16, ko da yake ba a buga shi ba sai 1663. A 1654 Pascal da Fermat suka yi musayar wasiƙu a Faransa game da yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin ya ƙare. A 1657 Huygens na ƙasar Holan ya kawo mas'alar da daga baya aka sani da karyewar ɗan caca, a 1713 kuma aka buga littafin Jacob Bernoulli wanda ya tabbatar da ƙa'idar yawan gwaji, wadda ma'anarta ita ce, duk abin da aka maimaita shi sau da yawa ƙwarai, matsakaicin sakamakonsa yakan kusanci abin da lissafi ya ƙaddara masa. A kan wannan ƙa'ida aka gina kowane gidan caca a duniya, domin mai gidan bai damu da wanda ya ci yau ko wanda ya ci gobe ba, muddin dai yana da ɗan rinjaye a kowane zagaye, kuma zagayen suna ta maimaituwa dare da rana.

Yadda wasan yake, da inda rinjayen gida ya fito

Kwalin karta yana da ganye 52. A wannan wasa, kowane ganye daga 2 zuwa 10 lambarsa ita ce ƙimarsa. Masu hoto, wato sarki da sarauniya da barde, kowannensu goma ne. Ganye mai ɗigo ɗaya da ake kira As kuwa, mai riƙe da shi yana da zaɓi ya lissafa shi ɗaya ko goma sha ɗaya. Kowane ɗan wasa da ma'aikacin gida mai rabon karta yake karawa, ba da sauran mazauna teburin ba. Akan ba kowa ganye biyu, mai rabo ma ya ɗauki biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a kife. Manufa ita ce jimillar mutum ta fi ta mai rabo ba tare da ta haura 21 ba, wanda duk ya haura kuwa ya ƙone, kuɗinsa sun tafi. Ɗan wasa yana iya neman ƙari, ko ya tsaya, ko ya ninka zubinsa a ba shi ganye ɗaya tak, ko ya raba tagwayen ganye su zama wasa biyu. Shi mai rabo ba shi da zaɓi ko kaɗan: dole ya ja muddin jimillarsa ba ta wuce 16 ba, ya kuma tsaya in ta kai 17, sai dai wasu gidaje sukan sa shi ya ƙara ja idan akwai As da aka lissafa goma sha ɗaya a cikin 17 ɗin.

To, ina rinjayen gida yake, tun da ga alama ɗan wasa ne mai 'yanci, mai rabo kuwa a ɗaure? Yana cikin jerin wanda ke fara motsi. Ɗan wasa ne ke fara ja, in ya ƙone an kwashe kuɗinsa nan take, ko da daga baya mai rabo shi ma ya ƙone. Domin a rage wannan giɓi a ja hankalin mutane, sai aka yi ƙa'idar cewa wanda ya samu 21 da ganye biyun farko, wato As da goma, a biya shi uku a kan kowane biyu da ya zuba, ma'ana mai dala 10 ya karɓi ribar dala 15. A kwali ɗaya, wannan yakan faru kusan sau ɗaya a cikin zagaye 21.

Sai dai akwai wata sifa da ta raba wannan wasa da sauran wasannin gidan caca, wadda ita ce tushen maƙalar nan baki ɗaya. Idan aka jefa ɗan lido, abin da ya fito yanzu ba shi da tasiri a kan abin da zai fito nan gaba, domin fuskokinsa shida suna nan yadda suke. Amma ganyen kartar da aka raba aka ajiye gefe ba ya komawa cikin kwali sai an sake cuɗawa, saboda haka abin da ya wuce yana canza abin da ya rage. In As huɗu sun riga sun fita daga kwali ɗaya, babu mahalukin da zai sake samun 21 da ganye biyu kafin a cuɗa. Wannan ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba. Daidai yake da mai rumbun da ya san damin da ya zuba da damin da ya fitar, ya kuwa san abin da ya saura ko bai leƙa ba.

Daga sojoji huɗu zuwa Edward Thorp

A farkon shekarun 1950, wasu sojojin Amurka huɗu da ke aiki a sansanin Aberdeen na jihar Maryland, wato Roger Baldwin da Wilbert Cantey da Herbert Maisel da James McDermott, suka duƙufa da 'yan na'urorin lissafi na kan tebur suna neman amsar tambaya guda: a kowane hali, idan aka dubi abin da ke hannun ɗan wasa da ganyen mai rabo na buɗe, wane zaɓi ne ya fi ƙarancin asara? Suka buga sakamakonsu a 1956 a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka, shi ne kuma asalin abin da ake kira dabarar tushe.

Wannan takarda ce ta faɗa hannun Edward Thorp, wani matashin malamin lissafi da aka haifa a Chicago a 1932, wanda ya koma koyarwa a cibiyar fasaha ta MIT a 1959. Shi ne ya yi tambayar da ta wuce ta sojojin: in an cire wasu ganyaye daga kwali, yaya rinjaye zai karkata? Ya ɗora wa kwamfutar IBM 704 wannan aiki, sai ta nuna masa cewa fitar ƙananan ganyaye, musamman biyar-biyar, tana mayar da rinjaye wajen ɗan wasa, fitar goma-goma da As kuwa tana ƙara wa gida ƙarfi. Da taimakon Claude Shannon, mashahurin masanin nan da ya kafa ilmin auna bayanai, aka buga bincikensa a mujallar majalisar kimiyya ta ƙasar a Janairun 1961. A shekarar nan wasu attajirai biyu suka ba shi jarin dala 10,000 ya je Nevada ya gwada, ya kuwa komo da ribar kimanin dala 11,000 cikin 'yan kwanaki. A 1962 ya fitar da littafinsa mai suna Beat the Dealer, wato ka da mai rabo. A 1963 wani injiniya mai suna Harvey Dubner ya gabatar da hanya mafi sauƙi a wani taron masana kwamfuta a Las Vegas, Julian Braun na kamfanin IBM ya tace lissafinta, aka shigar da ita bugu na biyu na littafin a 1966. Ita ce ake kira Hi-Lo, wato babba da ƙarami, kuma har yau da ita ake fara koya wa mafari.

Matakan da ake ɗora mafari a kansu

Matakin farko ba ƙidaya ba ce, haddar dabarar tushe ce, wadda jadawali ne mai ɗauke da hukuncin kowane hali: kada a taɓa raba goma biyu, a riƙa raba As biyu da takwas biyu, a tsaya a kan 13 zuwa 16 idan mai rabo ya nuna 2 zuwa 6, da sauransu. Wanda ya kiyaye wannan jadawali ba kuskure, a teburin da ƙa'idojinsa ke da sassauci, ya rage rinjayen gida zuwa kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A lura da kyau, rage asara ya yi, bai kai ga riba ba: a kowace dala 1,000 da ta bi ta hannunsa zuwa tebur, yana barin kimanin dala 5.

Mataki na biyu shi ne ba kowane ganye alama. Daga 2 zuwa 6, kowanne in ya fita a ƙara ɗaya. 7 da 8 da 9 ba a ƙara ba a ragewa. Goma da masu hoto da As, kowanne in ya fita a rage ɗaya. Ƙanana 20 ne a kwali, manya 20, na tsakiya 12, saboda haka wanda ya ƙirga kwali daga farko zuwa ƙarshe dole ya tsaya a kan sifiri, in bai tsaya a nan ba ya san ya yi tuntuɓe. Ba a bukatar haddace ganyayen da suka fita ɗaya bayan ɗaya, lamba guda kawai ake riƙewa a zuci, tana hawa tana sauka. Masu koyarwa sukan ce mafari bai isa zama a tebur ba sai ya iya ƙirge kwali cikin abin da bai kai daƙiƙa 30 ba, ana hira a kansa, ba tare da leɓensa ya motsa ba.

Dalilin da ya sa yawan manyan ganyaye a cikin ragowar kwali yake amfanar ɗan wasa, alhali shi da mai rabo daga kwali ɗaya suke ja, shi ne bambancin ƙa'idar da ke kansu. In ɗan wasa ya samu As da goma, ɗaya da rabi ake biyansa. In mai rabo ya samu, ɗaya kawai yake karɓa. Mai rabo tilas ne ya ja a kan 15 ko 16 ko da kwalin cike yake da goma-goma masu ƙona shi, ɗan wasa kuwa yana iya tsayawa. Haka nan ninka zubi ya fi yin albarka idan goma ce ake sa ran fitowarta.

Mataki na uku shi ne daidaita ƙidaya da yawan abin da ya rage, domin a yau galibi kwali shida ko takwas ake haɗawa a akwati ɗaya. Sai a raba lambar da ke zuci da adadin kwalayen da ba a raba ba tukuna, abin da ya fito shi ne ƙidaya ta haƙiƙa. Misali, a akwati mai kwali shida, ganye 312 ke nan, in ƙidaya ta kai 8 kuma saura kwali huɗu, ta haƙiƙa 2 ce. Kowane ɗaya na ƙidaya ta haƙiƙa yana matso da rinjaye wajen ɗan wasa da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, saboda haka a kan 1 an yi kunnen doki, a kan 2 ɗan wasa ya ɗara gida da rabin kashi. Mataki na huɗu, wanda a nan ne ribar take in akwai ta, shi ne a zuba kaɗan lokacin da rinjaye ke wajen gida, wanda shi ne mafi yawan lokaci, a zuba da yawa a ɗan taƙin da ya juyo.

Abin da alƙaluma suke faɗa

A nan nake roƙon a ba ni aron hankali, domin wannan shi ne ɓangaren da masu tallar dabarar suke bi ta kansa da sauri. Ƙwararren mai ƙidaya, wanda ba ya kuskure, a tebur mai kyawawan ƙa'idoji, rinjayensa bai cika wuce tsakanin rabin kashi da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na abin da ya zuba ba. Mu ɗauka kashi ɗaya ne, mu kuma ɗauka don sauƙin lissafi zubinsa bai canzawa. A zagaye 100, ribar da lissafi ya ƙaddara masa zubi ɗaya ce tak. Amma tangaɗin sa'a, wato gwargwadon yadda sakamako yake kaucewa daga abin da aka ƙaddara, ya kai zubi 11 da rabi sama ko ƙasa a waɗannan zagaye 100. Ke nan abin da zai gani a daren farko, ko na biyu, ko na goma, sa'a ce tsantsa, gwanintarsa ta nutse a cikinta kamar ƙwayar gero a cikin rairayi.

Ita riba tana ƙaruwa daidai da yawan zagaye, shi kuwa tangaɗi a hankali yake girma: in zagaye ya ninku sau ɗari, shi sau goma yake ninkuwa. A zagaye 10,000 ribar da aka ƙaddara zubi 100 ce, tangaɗi kuwa 115. Ma'anar wannan ita ce, a cikin ƙwararru biyar da kowannensu ya yi zagaye 10,000 ba tare da kuskure ko ɗaya ba, wanda aiki ne na sa'o'i ɗari ko fiye, kimanin ɗaya zai tashi da asara. In kuwa yana ɗaga zubi yana saukewa, kamar yadda dabarar ta wajabta, tangaɗin ya fi haka tsanani. Kuma tun da ribar zagaye 100 zubi ɗaya ce, kuskure guda mai cin zubi ɗaya a cikin zagaye 100 ya isa ya shafe ta ƙaf.

Daga nan sai mas'alar jari. A 1956 John Kelly na ɗakin binciken kamfanin Bell ya fitar da ƙa'idar da ke nuna iyakar abin da ya kamata mai ɗan rinjaye ya zuba, Thorp kuma ya ɗauko ta ya shigar cikin wannan fage. Bisa ga wannan ƙa'ida, mai rinjayen kashi ɗaya bai kamata ya zuba ko da kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyarsa a zagaye guda ba, saboda haka mai son zuba dala 100 sai ya tanadi fiye da dala 10,000 wadda zai iya rasawa bai shiga wani hali ba. Wanda ya zarce wannan iyaka, karyewar da Huygens ya yi magana a kanta tana jiransa ko da lissafinsa daidai ne, domin guguwar asara za ta cinye jarinsa kafin ƙa'idar yawan gwaji ta zo ta cece shi. Wannan ne ya sa waɗanda suka ci wani abin kirki a tarihin dabarar, irin su ƙungiyar Ken Uston a shekarun 1970 da ƙungiyar ɗaliban MIT da ta fara wajen 1979, suka yi aiki a ƙungiyance, da jarin masu zuba hannun jari, da horo mai tsanani, da littafin shiga da fita kamar na kamfani. Mai ɗan albashi ko ɗan kuɗin makaranta da ya shiga shi kaɗai, kallon kitse yake yi wa rogo.

Martanin gidajen caca

Su ma masu gidajen ba barci suke yi ba. A Afrilun 1964 gidajen Las Vegas suka tsaurara ƙa'idojin wasan saboda tsoron littafin Thorp, da suka ga mutane sun ƙaurace sai suka janye cikin 'yan makonni, suka koma ga hanyoyin da ba su da hayaniya: ƙara yawan kwalaye, da yanke wani kaso na akwati wanda ba a rabawa, da sake cuɗawa da zarar an ga wani ya ɗaga zubi. Ƙidaya da ƙwaƙwalwa ba laifi ba ce a dokar Amurka, amma a Nevada gida yana da ikon sallamar wanda ya ga dama, kuma tun 1985 amfani da na'ura wajen ƙidaya ya zama babban laifi a jihar. A New Jersey, Uston ya yi nasara a kotun ƙoli ta jihar a 1982 cewa ba a korar mutum don ya iya lissafi, sai aka ba gidajen damar cuɗawa da taƙaita zubi yadda dabarar ba za ta yi tasiri ba. Daga baya aka kawo injin da ke mayar da ganyaye cikin akwati bayan kowane zagaye, aka kuma yawaita teburan da ke biyan shida a kan biyar maimakon uku a kan biyu, wato mai dala 10 ya karɓi 12 a madadin 15, wanda wannan kaɗai yana ƙara wa gida kimanin kashi 1.4 cikin ɗari, ya haɗiye duk abin da ƙidaya za ta kawo.

Abu biyu nake so samarinmu su riƙe daga nan. Na ɗaya, wasan da kwamfuta ke rabawa a cikin waya yana sake cuɗa karta a kowane zagaye, saboda haka sifar nan da muka ce ita ce tushen dabarar babu ita sam, duk wanda ya ce zai koya maka ƙidaya don ka ci irin wannan wasa, kuɗin koyarwar yake so. Na biyu, bayan littafin Thorp, Ashirin da Ɗaya ya zama wasan tebur mafi farin jini a gidajen cacar Amurka, domin dubban mutane sun yi tururuwa da rabin ilmi, suka bar kuɗinsu a can. Littafin da aka rubuta don a ka da gida, gida ya fi kowa cin moriyarsa.

Mahangar shari'a

Caca ta Larabawan jahiliyya, wadda Alƙur'ani ya kira maisir, da kibau goma ake yinta a kan naman raƙumi, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an yi nuni da cewa akwai wani amfani a cikinta ga mutane amma zunubinta ya rinjaya, sa'an nan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukuncin nisantarta, suka kuma bayyana illa: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne, shari'a ba ta rataya haramcin a kan cewa ba a taɓa cin riba ba. Ta yarda ana ci, ta kuma haramta duk da haka.

Da wannan ne za a amsa shubuhar mai cewa tun da ƙidaya gwaninta ce, ta fita daga babin sa'a ta shiga babin sana'a. Malaman fiƙihu sun siffanta ƙimar, wato caca, da cewa shi ne duk wasan da kowane ɓangare ya sa dukiya, kuma ba ya fita daga ɗayan biyu, ko ya ci na abokinsa ko a ci nasa. Wasan shaɗaranji ya fi karta bukatar basira nesa ba kusa ba, amma malamai sun haɗu a kan haramcinsa in an sa kuɗi, Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ma ta hana shi tare da wasan nardu. Gasar da aka yi rangwamen sa lada a cikinta ita ce irin ta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, saboda maslahar da ke ciki ga al'umma, da sharuɗɗanta. A teburin karta kuwa ba a noma komai, ba a ƙera komai, ba a kai kaya daga inda suke da yawa zuwa inda ake bukatarsu; dukiya ce kawai take tashi daga aljihu zuwa aljihu, cin dukiyar mutane da ɓarna ke nan, ko mai cin ya iya hisabi ko bai iya ba.

Kammalawa

Abin da Baldwin da abokansa da Thorp suka gano gaskiya ne, kuma aiki ne na hankali da ya cancanci a karanta shi a azuzuwan lissafi, domin da wuya a samu misalin da ya fi shi bayyana yadda sabon bayani yake canza ma'aunin yiwuwa. Shi kansa Thorp bai daɗe a teburin ba; kafin ƙarshen shekarun 1960 ya mayar da basirarsa ga nazarin kasuwar hannun jari. Ilmin ihtimali da ya yi rarrafe a gidan caca, yau da shi ake gwada ingancin magani, da shi ake hasashen damina, da shi ake auna yaɗuwar annoba. Mu kuwa ba baƙi ba ne a fagen hisabi: da rabon gado malamanmu suka riƙa horar da ɗalibai a kan ɓangarorin lamba, kuma ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi talifi a kan jadawalin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shawarata ga malaman lissafi a makarantunmu ita ce su koyar da ƙa'idar yawan gwaji da rinjayen gida a sarari, da Hausa, da misalan da yara suka sani, domin yaron da ya lissafa da hannunsa ya ga cewa ƙwararren da ba ya kuskure ma yana iya shafe sa'o'i ɗari ya tashi da asara, ba zai saurari mai yi masa romon baka a waya ba. Shawarata ga masu wa'azi kuma ita ce su haɗa nassi da alƙalami, tun da a wannan mas'ala duka biyun wuri ɗaya suka nufa. Shi kuwa saurayin da ya zo yana tambayar ta inda zai fara, amsata gare shi ita ce, in har yana da ƙwaƙwalwar da za ta riƙe ƙidayar kwali shida ana surutu a kansa, da haƙurin da zai haddace jadawali ya maimaita shi watanni, to Allah ya ba shi jarin da ya fi ƙarfin teburin karta, sai ya kai shi ajin ƙididdiga, ko asibiti, ko gona, inda ribarsa ba ta rataya a kan hawayen wani ba.

Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfanar da mu da abin da ya sanar da mu.